Lasifikokin sama a ɗakin kallo: biyu sun isa, ko sai huɗu?

Abu_Sadiq

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Shekara uku ke nan ina amfani da tsarin 5.1 a ɗakin kallona: lasifika biyu a gaba, ɗaya a tsakiya ƙarƙashin talabijin, biyu a gefe, sai wufa guda, wato lasifikar sauti mai kauri. Kwanan nan na canza risiba, wato na'urar da ke karɓar sauti ta raba wa lasifikoki, na samu mai tashoshi tara wadda take karanta Dolby Atmos da DTS:X, tsare-tsaren sauti masu amfani da lasifikokin sama, shi ya sa nake so in ƙara lasifikokin sama.

Tsawon ɗakin mita 5.5 ne, faɗinsa mita 4. Daga ƙasa zuwa silin mita 2.7, kuma silin ɗin shimfiɗaɗɗe ne na filasta, akwai sarari tsakaninsa da rufi. Idan na zauna a kujera, kaina yana kamar santimita 70 daga bangon baya. Akwai fanka a tsakiyar silin.

In saka biyu ne ko huɗu? In huda silin, ko in nemi irin waɗanda ake ɗorawa kan lasifikokin gaba su harba sauti sama ya dawo? Babban tsorona shi ne in huda ramuka huɗu, daga baya in gane ba nan ne wurinsu ba.

Kunne_Biyu

Wa alaikumus salam. Huɗu, Malam, kada ma ka tsaya dogon tunani. Tunda risibarka mai tashoshi tara ce, 5.1.4 za ta ɗauka daidai: biyar a ƙasa, huɗu a sama. Da biyu za ka ji akwai abu a samanka, amma abin ba ya tafiya. Da huɗu ne jirgi zai taso daga gabanka, ya bi ta kanka, ya fita ta baya. Ni da biyu na fara, bayan wata takwas na sake hawa tsani, kuma ramukan farko ba su yi mini amfani ba domin wurin biyu daban, wurin huɗu daban.

Injiniya_Sauti

Malam Abu_Sadiq, kafin a yanke biyu ko huɗu, bari mu yi lissafin ɗakinka, domin kusurwa ake bi a wannan aikin, ba tsakiyar ɗaki ko layin fitilu ba.

A jagorar da Dolby ta fitar don gidaje, ana auna kusurwar ne daga kunnen mai zaune, a ɗauki gaba kai tsaye a matsayin sifili, saman kai kuma digiri 90. Lasifikokin sama na gaba suna zama tsakanin digiri 30 zuwa 55, an fi son 45. Na baya tsakanin 125 zuwa 150, an fi son 135. Idan biyu kaɗai za a saka, tsakanin 65 zuwa 100, an fi son 80, wato sun ɗan gota kanka ta gaba kaɗan.

Yanzu mu sauko kan ɗakinka. Mu ce kunnenka yana mita 1.1 daga ƙasa in ka zauna. Saura mita 1.6 zuwa silin. Daɗin digiri 45 shi ne tazarar gaba daidai take da tazarar sama, don haka na gaba za su zauna mita 1.6 gaba da kunnenka, na baya kuma mita 1.6 bayansa. To ga inda gizo ke saƙar: santimita 70 kawai kake da su a baya. Ko ka ɗauki iyakar da aka yarda, digiri 125, kana buƙatar kusan mita 1.1 a bayanka. In ka manna lasifikar da bango ma, digiri 114 za ka samu.

Saboda haka, ko dai ka jawo kujerar gaba kamar santimita 80, ko ka tsaya a biyu, ka saka su kimanin santimita 30 gaba da kunnenka.

Abu_Sadiq

Allah ya ƙara ilimi, Injiniya. Wallahi da layin fitilu na yi niyyar bi don ya yi kyan gani. Jawo kujera ba zai gagara ba, sai dai ƙofar ɗakin tana gefe, dole in duba kada kujerar ta tare hanya.

Baban_Yara

Ni fa ban yarda sai an huda silin ba. Gidan haya nake, mai gida ba zai lamunta ba, sai na ɗora masu harba sauti sama a kan lasifikokin gaba. Silin ɗina shimfiɗaɗɗe ne mai tauri, kuma ina jin ruwan sama a fim kamar daga bisa yake zubowa. Babu ƙura, babu tsani, babu jan waya ta cikin rufi. Ranar da zan tashi kuma in tattara kayana in tafi.

Kunne_Biyu

@Baban_Yara, ga mai haya da babu gara ba daɗi, ban musa ba. Amma Abu_Sadiq ya ce yana da sarari a saman silin kuma yana iya hudawa. Wanda zai iya saka sauti a sama da gaske, me zai kai shi dogara da amsa-kuwwa? Na saurari duka biyun. Masu harbawan, in ka matsa kujera ɗaya gefe, sai ka ji sautin ya koma fitowa daga gaba.

Baban_Yara

Wannan yana faruwa ne in ba a saita su daidai ba. Dole ka gaya wa risiba cewa irin masu harbawa ne, ka shigar mata da tazarar da ke tsakaninsu da silin. Kuma kada ka zauna kusa da su sosai, in ba haka ba kunnenka zai kama sautin kai tsaye kafin wanda ya dawo daga sama ya iso.

Injiniya_Sauti

Kowannenku yana da gaskiyarsa. Masu harbawa suna son silin mai santsi da tauri, mara tudu da kwari, tsayinsa tsakanin mita 2.3 zuwa 4.3 ko kusa da haka, kuma a bar aƙalla kusan mita ɗaya tsakaninsu da mai zaune. Silin mai gangara, ko mai ado hawa-hawa, ko wanda aka lulluɓe da abin da ke shanye sauti, duk ba su dace ba. Ɗakin Abu_Sadiq ya cika sharuɗɗan, in ban da fankar nan da take tsaye a inda sautin zai bugi silin. Amma in aka tambaye ni wanne ya fi nuna wa kunne takamaiman wurin da abu yake, na cikin silin ne, babu tantama.

Ummu_Hanan

Sannunku da ƙoƙari. Akwai abin da ban ga an tambaya ba. Malam Abu_Sadiq, lasifikokinka biyu na gefe, a wane tsayi suke?

Dalilin tambayata, mu a gidanmu an kafa su can sama kusa da silin tun lokacin 5.1, saboda kada yara su taɓa. Da muka ƙara huɗu a sama, sai muka ji kusan babu abin da ya canza. Mun yi mako biyu muna zargin sababbin lasifikokin. Ashe na gefen ne suka riga suka mamaye saman, babu tazara tsakanin sautin ƙasa da na bisa. Ranar da muka sauko da su kusa da tsayin kunne, ranar muka fara jin ɗakin ya zama hawa biyu.

Abu_Sadiq

Hajiya, kamar kin leƙo ɗakin. Suna mita 2.1 daga ƙasa. Haka aka ba ni shawara a wancan lokacin.

Injiniya_Sauti

Hajiya Ummu_Hanan ta taɓo abin da ya fi duk lissafina muhimmanci. Shawarar da aka ba ka ba kuskure ba ce a zamanin 5.1, domin a lokacin ana ɗaga na gefe don sauti ya bazu. Da zuwan Atmos abin ya canza. Ana so lasifikokin ƙasa su zauna wajen mita 1.2, na gefe kuma in za a ɗaga su kada su wuce tsayin na gaba da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, wato wajen mita 1.5. Na sama kuwa su ninka tsayin na ƙasa sau biyu zuwa uku. Mita 2.7 a kan 1.2 ya shiga ciki.

Kunnen ɗan Adam ya fi gwanancewa wajen gane hagu da dama fiye da sama da ƙasa. Hagu da dama yana gane su ne ta bambancin lokaci da ƙarfi tsakanin kunnuwa biyu. Sama da ƙasa kuwa sai ta yadda lanƙwasar fatar kunne take canza siririn sauti. Tunda wannan hanyar ba ta kai waccan kaifi ba, in tazarar ba ta da yawa sai ƙwaƙwalwa ta haɗe su wuri ɗaya.

MaiWayarin

Ni ta ɓangaren aikin hannu zan yi magana, tunda sana'ata ce.

Kafin ka yanka komai, ka huda ɗan ƙaramin rami a tsakiyar inda ka yi alama, ka lanƙwasa waya mai tauri ka zura, ka juya ta zagaye. In ta bugi katako ko ƙarfe ko bututu, ka san dole ka gusa. Ƙaramin rami ana toshe shi da ɗan filasta, babba kuwa sai an yi faci. Ka kashe wutar ɗakin daga babban makunni kafin zarto ya shiga, domin ba ka san inda wayar fitila da ta fanka suka bi ba. Ka kuma duba zurfin lasifikar a takardarta, ka tabbata sararin da ke sama ya ishe ta.

Waya kuma, ka nemi ta jan ƙarfe zalla. Akwai wadda cikinta alminiyam ne aka yi mata rufin jan ƙarfe, tana da sauƙin karyewa a wurin ɗauri kuma ba ta kai waccan ɗaukar wuta ba. In ka kankare bakinta ka ga fari, ita ce. Kaurin murabba'in milimita 1.5 ya isa gajeriyar tafiya, amma daga risiba a hau bango a ratsa silin zuwa baya, za ka iya cin mita 12 zuwa 15, don haka ni 2.5 nake sakawa. Ka nemi wadda aka yi don binnewa a bango, mai rigar da ba ta saurin kama wuta. Kada ka jera ta kafaɗa da kafaɗa da wayar lantarki. In dole su haɗu, su gitta juna kawai su wuce.

Sannan ka rubuta suna a bakin kowace waya, duka ɓangarorin biyu, kafin ka ja ta. Wayoyi huɗu iri ɗaya in suka fito bayan risiba, babu mai gane ta gaba da ta baya.

Dan_Autan_Gida

Yaya MaiWayarin, in mutum ya riga ya ja bai rubuta ba fa? Abin da ya same ni ke nan.

MaiWayarin

Da sauƙi, ƙanena. Cire wayar daga risiba, ka ɗauki ƙaramin batir mai bolt 1.5, ka taɓa bakin wayar biyu da shi na ɗan lokaci kaɗan. Lasifikar da ke kan wannan wayar za ta yi ɗan ƙara, sai wani ya tsaya a ɗakin ya nuna maka ita. In ka cire murfinta ka duba, idan ka haɗa jan waya da kan batir, fatar lasifikar ta turo waje, to haɗin daidai yake. In ta shige ciki, an juya wayar. Lasifika ɗaya da aka juya wa waya tana iya sa sautin sama ya zama kamar ba shi da mazauni.

Tsohon_Makaranci

Ku yi mini haƙuri, ni dattijo ne a wannan harka, tun zamanin kaset nake tara kayan sauti. Tambayata ita ce, duk wannan wahalar, nawa ne daga cikin finafinan da kuke kallo suke amfani da saman nan da gaske? Na zauna a ɗakin wani abokina mai 7.1.4, muka kashe lasifikokin ƙasa muka bar na sama kaɗai. Minti goma suna wucewa ba ka ji komai ba sai ɗan kiɗa da iska. Ni a ganina, wanda yake da wufa ɗaya kamar Abu_Sadiq, ya ƙara ta biyu ya gyara amsa-kuwwar ɗakinsa, zai fi jin bambanci a kowane fim, ba sai wanda jirgi ya wuce ba.

Kunne_Biyu

Baba, da girmamawa, gwajin nan bai yi wa na sama adalci ba. Ko na gefe ka bari su kaɗai, haka za ka ji shiru mai tsawo. Aikinsu ba surutu ba ne. Wannan ɗan kiɗan da iskar da ka raina, su ne suke ɗaga rufin ɗakin har ka ji kamar kana fili ko cikin babban zaure. Ka yi gwajin ta ɗaya fuskar: ka saba da su wata guda, sannan ka kashe su. A nan za ka ji silin ya sauko maka a ka.

Ummu_Hanan

Baba Tsohon_Makaranci yana da hujja a kan cewa finafinai sun bambanta. Wasu an haɗa sautinsu da kulawa, wasu sunan Atmos ɗin kawai ke jiki. Amma akwai abin da ke cike giɓin. Risiba tana da Dolby Surround da DTS Neural:X, waɗanda suke ɗaukar tsohon sautin 5.1 ko ma na lasifika biyu su raba wani ɓangare zuwa sama. Mu kusan kullum a kunne suke. Neural:X ya fi tura abubuwa sama da ƙarfi, wani lokaci har ya ɗaga abin da bai kamata ba. Dolby Surround ya fi natsuwa. Maigidana ya fi son na farko, ni na biyu.

Tsohon_Makaranci

Na ji, 'yata. Ban ce ba su da amfani ba. Jeri nake magana: wanne ya kamata ya riga wanne. Har yanzu ina kan cewa wufa ta biyu ta riga.

Gwanin_Allo

Tunda an taɓo yadda abin yake aiki, bari in ƙara haske, saboda na ga mutane da yawa suna ɗauka Atmos ƙarin tashoshi ne kawai. Ya fara ne a gidajen sinima a 2012, ya shigo gidaje a 2014, DTS:X ya biyo baya a 2015. Sabon abin da ya kawo shi ne, mai haɗa sauti yana iya ɗaukar ƙara guda, misali kukan tsuntsu, ya ba ta matsayi a sararin ɗaki da hanyar da za ta bi, ba tare da ya ce ga lasifikar da za ta fito ba. A sinima yana da gurabe har 128: goma na shimfiɗa, 118 na irin waɗannan ƙararrakin masu yawo. Risibarka ce take duba lasifikokin da ka ce kana da su, ta raba musu aikin.

Abin da wannan yake nufi gare ka, Abu_Sadiq, shi ne kada ka yi wa risiba ƙarya. In ka saka lasifika a saman kai, ka ce mata ta saman tsakiya ce. In a can saman bangon gaba ka kafa, ka zaɓi sunan da ya dace da wannan. Ita ba ta ganin ɗakin, abin da ka gaya mata shi take bi.

Akwai kuma Auro-3D, wanda ya fito daga Beljiyam. Shi ya fi son lasifikoki a saman bango wajen digiri 30, da guda ɗaya tak a saman kai. Wanda silin ɗinsa kankare ne, ko kujerarsa take manne da bango, kafawa a saman bangon gaba da na baya hanya ce mai kyau, kuma Atmos ma yana karɓar wannan tsarin.

Abu_Sadiq

To wannan ya buɗe wata ƙofa. Idan na kafa na baya a saman bangon baya maimakon cikin silin, ba sai na jawo kujera ba ke nan?

Injiniya_Sauti

A'a, lissafin bai canza ba. Bangon yana santimita 70 a bayanka, lasifikar tana kusan mita 1.5 sama da kunnenka, kusurwar tana nan wajen 115. Sunanta kawai ya canza, amma kunnenka zai ji ta kusan a saman kai. Shawarar Gwanin_Allo tana aiki sosai a gaba, inda akwai nisa. A baya kuwa sai an samu fili.

Jawo kujerar ma yana da wata riba. Kusa da bango ƙaramin sauti mai kauri yake taruwa ya yi gunji. In kunnenka ya koma mita 1.5 daga bango, wufarka guda ɗin nan za ta fi tsabta, wanda ya ɗan amsa damuwar Baba.

Ban kuma faɗi faɗin ba ɗazu. Na saman hagu ya bi layin lasifikar gaba ta hagu, na dama ya bi ta dama. Kada ka kai su jikin bangon gefe, in ba haka ba za su narke cikin na gefe.

Kunne_Biyu

A nan na ɗan saɓa da Injiniya. A ɗaki mai faɗin mita 4, in lasifikokin gaba suna can kusa da kusurwoyi, bin layinsu zai raba na sama da yawa. Ni na matso da nawa ciki kaɗan, kuma sai suka fi jin kamar a sama suke. Wanda ke zaune a ƙarshen kujera ne kawai yake ɗan cutuwa, domin ɗaya tana kusan kansa.

Injiniya_Sauti

Ban ƙi ba, in na gaban sun buɗe da yawa. Abu_Sadiq ya auna tazarar da ke tsakaninsu ya gaya mana.

Sarkin_Kafinta

Maganar fanka ta wuce ba a tsaya a kanta ba. In lasifika tana saman fukafukan fanka, duk lokacin da take juyawa sautin zai riƙa yankewa yana rawa, kamar mai magana ta bayan fanka. Ka auna daga tsakiyar fankar zuwa bakin fiffike, ka ƙara ko da santimita 30, ka zana da'ira a silin da fensir. Kada lasifika ta shiga cikinta, kuma ka duba kada fiffiken ya gitta tsakanin lasifikokin gaba da kunnenka.

Abu na biyu, a yi wa kowace lasifika akwati a bayanta. In ka bar bayanta a buɗe, sararin saman silin ya zama hanya, sautin zai bi ya sauka a ɗakin da ke kusa. Na yi wa wani aiki, yaransa suna kwana a ɗakin gefe, sai da muka dawo muka yi akwatuna na katako muka cusa audugar rufi a ciki. Akwatin yana kuma hana ƙura zuba kan lasifikar. Wasu kamfanonin suna faɗin girman akwatin da ya dace, a bi nasu. In lasifikar tana da nauyi, a ɗaura ta da katakon silin, kada a bar filasta kaɗai ta riƙe ta.

Dan_Autan_Gida

Ni matsalata daban. Na gama komai, huɗu a sama, amma risiba ba ta taɓa rubuta Atmos a fuskarta ba. Dolby Surround kawai take nunawa. Daga talabijin nake kallo, na haɗa shi da risiba da wayar nan siririya mai jan haske.

Gwanin_Allo

Ga matsalar nan ka faɗa da bakinka. Wayar haske ba ta ɗaukar Atmos ko kaɗan, iyakarta tsohon 5.1. Ka koma HDMI, ka saka a ramin da aka rubuta ARC ko eARC a talabijin da risiba, wato ramin da ke mayar da sautin talabijin zuwa risiba. Manhajojin kallo ta intanet suna aiko da Atmos a cikin Dolby Digital Plus, wanda ARC na talabijin da yawa yake iya wucewa da shi. Faifan Blu-ray kuwa a cikin Dolby TrueHD yake zuwa, shi sai eARC, ko ka haɗa na'urar faifan kai tsaye da risiba. A saitin sauti ka zaɓi a tura shi yadda yake ba tare da talabijin ya sarrafa ba, a na'urar faifai kuma ka kashe saitin sauti na biyu, wanda ake rubuta Secondary Audio. Ka kuma tabbata fim ɗin da kansa yana da Atmos, kuma rajistarka ta ƙunshe shi.

Dan_Autan_Gida

Ya fito! Na canza waya, na kunna eARC, ga shi ta rubuta. Allah ya saka da alheri, Yaya.

Ummu_Hanan

Dan_Auta, tunda ya fito, ka sake yin awon makirufo, wato wanda risiba take sauraron ɗakin ta makirufo ta daidaita lasifikoki da kanta. Kowace risiba tana da nata: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer, wasu kuma Dirac Live. Ka ɗora makirufon a kan mariƙi mai ƙafa uku daidai tsayin kunne, bakinsa yana kallon silin, kada ka riƙe a hannu ko ka ajiye a kan kushin. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, kowa ya yi shiru.

In ta gama kada ka karɓa ido rufe. Ka duba tazarar da ta rubuta da tef. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka kuskuren santimita 34 ya kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma kunne yana lura. Tazarar wufa ce kaɗai ake bari ko ta fi ta tef, saboda jinkirin da ke cikin na'urarta. Ka duba kuma inda ta yanke sauti mai kauri ta miƙa wa wufa. Tamu ta ɗauki na silin a matsayin manya, muka mayar da su ƙanana muka yanke a hertz 100, ma'aunin kauri ko sirantar sauti. An saba da 80, amma ƙananan lasifikokin silin sun fi samun sauƙi a 100 ko 120. Ana ɗagawa sama da abin da awo ya bayar, ba a saukarwa ƙasa da shi.

Kunne_Biyu

Ni bayan awo nakan ƙara wa na sama ƙarfin sauti da desibel biyu. Na san masu bin ƙa'ida ba sa so.

Injiniya_Sauti

Ɗakinka ne, Malam, amma ka fara zama da yadda awon ya bayar na mako biyu tukuna. Yawancin masu ƙarawa suna yi ne don lasifikar ba ta kallonsu. A digiri 45, wadda take kallon ƙasa kai tsaye tana ba ka gefen sautinta ne, kuma siririn sautin da kunne yake gane sama da shi, shi ne yake fara raguwa a gefe. Dolby ta ce mai baza sauti digiri 45 kowane gefe tana iya kallon ƙasa, wadda ba ta kai haka ba a karkato ta wajen mai zaune. Abu_Sadiq, tunda ba ka saya ba tukuna, nemi masu karkataccen ciki, kuma in zai yiwu daga dangin lasifikokinka na ƙasa, don kada muryar abu ta canza in ya tashi daga ƙasa zuwa sama.

Abu_Sadiq

Na dawo da rahoto. Jiya na jawo kujerar, amma santimita 60 kawai ta samu kafin ta fara tare ƙofa. Kunnena yanzu yana mita 1.3 daga bangon baya. In na saka na baya a mita 1.1, tsakiyarsu zai rage santimita 20 kacal daga bango. Na sauko da na gefe zuwa mita 1.4 kamar yadda Hajiya ta ce, kuma tun kafin in ƙara komai na ji ɗakin ya canza. Tazarar lasifikokin gaba mita 2.6 ce. Da'irar fanka ba ta taɓa inda na yi alama ba, sai dai ta gaba ta hagu ta faɗo kan katako, dole ta gusa santimita 10.

Abin da ya rage mini: huɗu da na baya a matse jikin bango, ko biyu a wurinsu daidai?

Kunne_Biyu

Huɗu. Digiri 125 yana cikin iyaka. Santimita 10 kuma ba komai ba ne, ka gusar da ta dama ma haka don su yi daidai.

Injiniya_Sauti

Santimita 20 daga bango ya yi mini kusa, bangon zai riƙa mayar da sautin yana ƙara masa kauri. In za ka yi huɗun, ka matso da na gaba su ma zuwa wajen mita 1.2 ko 1.3 don gaba da baya su yi kusan daidai, ka manna abin shanye sauti a saman bangon baya.

MaiWayarin

Kafin ka yanka, ka gwada. Samu ƙananan lasifikoki na akwati ko na aro ne, ka ɗora su kan tsani biyu ko dogayen sanduna kusa da silin a wuraren da ka yi alama, ka ja waya ta ƙasa, ka saurara kwana biyu. Kuma ko biyu ka yanke a ƙarshe, ka ja wayoyi shida tun yanzu, gaba da tsakiya da baya, ka bar su a naɗe a sama.

Tsohon_Makaranci

Ka ga abin da nake faɗa, saukar da lasifika biyu da jawo kujera kawai sun canza ɗakin. In ka yi gwajin MaiWayarin, ka ari wufa ta biyu ma ka haɗa a ranar, sannan ka zo ka gaya mana wanne ka fi ji.

Baban_Yara

Ni ma in da hali a saka masu harbawa a gwajin. Ina so in ji daga bakin wanda ya saurari duka a ɗaki ɗaya, da fankar a kashe da kuma a kunne.

Abu_Sadiq

Na samu aron ƙananan lasifikoki huɗu da tsani ɗaya, ina neman na biyu. Masu harbawa ban samu ba tukuna. Injiniya, in na gwada biyu a tsakiya, sai na sake awon makirufo daga farko, ko zan iya canza sunansu a risiba kawai?